Bahaya Iri Biyu

A unguwarmu a Kano, duk bangon da ke jikin taransifoma za ka ga an rubuta masa da gawayi ko jan fenti: BA A BAHAYA A NAN. Wani ma har da Allah ya isa a ƙasa. Dalili kuwa bayan taransifoma lungu ne, ga duhu, duk wanda ta matsa can yake nufa. To da wannan ilimin na sauka Kuala Lumpur.

Tun satin farko na lura duk wata ƙofar ƙarfe ta wutar lantarki a garin an manna mata rubutu da ja, manya-manya: BAHAYA. Na ce ikon Allah, ashe su ma. Duk wannan ƙyale-ƙyalen, jirgin ƙasa na yawo a saman kai, ashe in ta matsi mutumin Malesiya shi ma bayan taransifoma yake zagayawa. Wata ƙofar har da zanen walƙiya, na ce wannan ita ce Allah ya isarsu, wato in ka yi, aradu ta faɗa maka. Akwai irin ƙofar a ƙarshen barandar gidanmu. Na je gabanta na ɗan tsuguna, na yamutse fuska, na sa aka ɗauke ni hoto, na tura wa 'yan majalisarmu. Sun kwana biyu suna dariya.

A yarensu, bahaya haɗari ke nan. Haɗari irin wanda ake mutuwa. Ba wanda ya gaya min, don ban tambayi kowa ba, ni a ganina na riga na fassara. Na yi watanni ina yawo da fassarata, har ranar da masai ya yi amai a gidan Yaya.

Yaya ce ta kawo ni, ko in ce Umma ce ta cusa mata ni. Tana karatun digiri na uku, mijinta malami ne a gida ba a ba shi hutu ba, aka ce mace ba za ta zauna ita kaɗai da yarinya a wata uwa duniya ba. Aka duba gidan kaf, wa ba shi da aikin yi? Ni. Jarrabawar shiga jami'a ta kayar da ni har ta fara jin kunyata. Aka yi min rijista a wata makarantar koyon Turanci don dai takardar zama, da safe in je in yi hamma in dawo, sauran yinin ni ne muharrami, ni ne ɗan aike, ni ne mai raino.

Wadda nake raino 'yar Yaya ce, lokacin ba ta cika shekara uku ba. Sunan Umma gare ta, ba mai iya kama sunan, ni Hajjaju nake ce mata, ita kuma ta ce min Kawu. Bakinta kuwa kwaɗo ne: Turanci kaɗan, Hausa kaɗan, sauran duk Malay da take kwasowa a gidan rainon da ake kai ta wasu ranakun. Lokacin Yaya na fama da ita a kan fo. An cire mata famfas, an kafa doka: tutu a fo, fitsari a fo, wanda ya ɓata gado zai gamu da Mami. Yaya ba ta duka, amma tana da wani kallo da ni ma da ɗan gemuna yake sa ni gyara zama. Hajjaju ta riƙe dokar nan gam.

Akwai wani abu da take min in Yaya ba ta nan. Muna zaune a falo sai ta nuna soket ta ce, “Kawu, bahaya.” Ni kuma in zabura in sunkuce ta in ɗora a fo. Ta zauna tana kallona, ina kallonta, ba abin da ya fito. Na ce yarinyar nan ni ta gado, tun yanzu ta iya raina wa mutane hankali. Har yabonta nake a raina, wai ta iya Hausar manya, ba ta cewa kashi.

Gidan a unguwar Danau Kota yake, amma ba cikin dogayen nan masu wurin iyo ba. Wani tsohon bene ne a bayansu, mu kuma can ƙasa, inda ba ka taka matakala ko ɗaya. Yaya ce ta zaɓa, don kada yarinya ta faɗo daga sama. Rayuwarmu kuma duk a ƙasa take, kamar kowane gidan Bahaushe. Kafet bango zuwa bango, katifata a falo, a ƙasa muke cin abinci, a ƙasa Yaya ke baje takardunta ta yi rub da ciki. Gado ɗaya ne tal, na katako, a ɗakinta. Soket ya yi mana kaɗan, don haka wata doguwar ekstenshan ce ke kwance a kan kafet tana ciyar da firji da fanka da cajar kowa, da 'yar jar fitilarta a ka. Akwatin wuta yana bayan ƙofa. Da can da an yi tsawa makunninsa yake faɗuwa ya yanke wuta, Yaya ta yi ƙorafi, mai gidan ya turo wani mutum ya ɗan taɓa shi, tun daga nan bai ƙara faɗuwa ba. Har addu'a muka yi wa mutumin.

Ranar Yaya ba ta nan. 'Yan sashensu sun tafi taro can kan dutsen nan mai sanyi da ake hangowa daga unguwar in gari ya washe, inda baƙi ke zuwa ɗaukar hoto da hazo. Ta ari jaket ɗina, ta bar min dokoki rututu, ta ce sai yamma lis za su sauko.

Bayan azahar Hajjaju ta yi barci a gadon uwarta. Ruwa ya tsuge. Ruwan can ba ya sallama, sai dai ka ji kamar an kifa tanki. Ina kwance ina danne-danne, wayata na caji a kan ɗan tebur, sai na ji wani sauti daga banɗaki, kamar ƙaton mutum na kurkure maƙogwaro. Na leƙa. Ruwan masai ya taso har baki, yana hawa yana sauka kamar mai numfashi. Rariyar ƙasa, 'yar zagayen nan mai huji-huji da ruwan wanka ke bi, tana tofo baƙin kumfa. Kyankyasai na fitowa a guje suna haye bango, ba wanda ya kula ni a cikinsu. Na san halin kyankyaso, in ka ga ya bar masai da rana tsaka to abin da ke ciki ya fi ƙarfinsa.

Na danna tsumma a rariyar na taka, ta turo shi har da ƙafar tawa. Wani a sama ya kora ruwa, ina jin sa yana gangarowa ta cikin bango, sai masan namu ya yi amai. Ba zan faɗi abin da na gani ba, amma na san abin da mutanen benen suka ci jiya. Babban bututun da ke fitar da ƙazanta waje ya cika da ruwan sama ya toshe, don haka duk wanda ke samanmu, hawa kan hawa, abin da ya saki wurinmu yake sauka.

Na leƙa ɗaki, tana barcinta da yatsa a baki. Na ce bari in ruga in kira mai gadi kafin abin ya tsallako dokin ƙofar banɗaki. Na zura kambas, na bar ƙofar katako a buɗe, na jawo ta waje, ta ƙarfen mai sanduna, don kada ta farka ta fito. Ko wayar ban ɗauka ba.

Mai gadin ɗan Nefal ne, abokin tsokanata, Janar nake ce masa. Na same shi yana korar ruwa daga ɗakin gadi da tsintsiya. Na yi masa bayani da Turancina, da hannu, da toshe hanci. Ya ce boleh, boleh, wato ba matsala, zai kira mai gyara. A garin nan ko gini ne ke faɗuwa boleh za a ce maka. Na tsaya a kansa ina magiya, yana ta danna waya ba a ɗauka. Ban san na daɗe ba.

Da na dawo, tun daga bakin baranda wari ya tare ni. Ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofarmu ya yi siririyar hanya yana gangarawa kwata. Na tarar da Makcik a tsaye, maƙwabciyarmu da ƙofarta ke kallon tamu, 'yar guntuwar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Makcik ɗin ba sunanta ba ne, haka ake ce wa kowace dattijuwa, kamar mu ce Gwaggo. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin Malay, amma mun shaƙu, don duk abin da ta miƙo cinyewa nake. Ranar ba ta yi min murmushi ba. Ta riƙe hannun damanta a ƙirji, leɓenta na rawa. Tana ganina ta tare gabana.

“Bahaya,” ta ce. “Bahaya, bahaya.”

Na amsa mata da Hausa, tunda duk ɗaya ne. “Na sani, Makcik, hanci ma ya gaya min. Matsa in ɗauko yarinya.”

Na leƙa ta tsakanin sanduna. Falo ya zama kududdufi. Kafet ya ɓace, katifata ta sha ta ƙoshi, takardun Yaya na yawo a sama. Fanka na juyawa abinta. Daga bakin ƙofar kana hango cikin ɗakin Yaya, gadon na kallonka. Hajjaju na nan kwance.

Sai na sunkuya na kwance igiyar kambas. Sabo ne, a kasuwar Chow Kit na saye shi, ban yarda ya taka najasa ba. Na cire na ajiye gefe, na naɗe wando. Ƙafata ba komai, jikina sharkaf da ruwan sama, na miƙa hannu zan kama ƙofar ƙarfe.

Ban san tsohuwa na da ƙarfi haka ba. Ta cafko rigata ta baya ta fizge ni, har na yi taga-taga na bugi bangonta. Ta riƙe ni da hannu biyu tana ta zuba yare, kalmar nan tana dawowa tana dawowa. Raina ya fara ɓaci. Na ce yau ga tsohuwa da ƙyanƙyami, kashi ne fa, wankewa ake. Ina ƙoƙarin ɓamɓare yatsunta ba tare da na ji mata ciwo ba, hayaniyarmu ta tashi Hajjaju.

Ta tashi zaune tana murza ido. Ta hango ni, ta ce Kawu, ta juya ta kifa cikinta a bakin gado ta zuro ƙafa ɗaya, yadda take sauka kullum.

Makcik ta sake ni ta ƙwala mata tsawa da wata murya da ban taɓa ji a bakinta ba. 'Yan kalmomi ne, ta ƙarshensu bahaya. Yarinyar nan ta janye ƙafarta kamar ta taka garwashi. Ta koma tsakiyar gado ta miƙe tsaye, ta kalli ruwan, ta leƙo can gefen firji, ta ɗaga ɗan yatsanta ta nuna.

“Kawu, bahaya.”

Na bi yatsan da ido. Ekstenshan na kwance a ƙarƙashin ruwa, jar fitilarta a kunne, tana haskowa ta cikin ƙazantar kamar idon wani abu.

Yatsan nan na san shi. Da shi take nuna min soket in kwashe ta in kai fo. Ƙofofin ƙarfen garin, zanen walƙiya, hoton da na tura gida, duk suka faɗo min lokaci guda. Na juya na kalli Makcik. Ta buɗe hannun da take riƙewa, ta nuna ƙofarmu, ta karkaɗa jikinta kamar mai farfaɗiya. Wato ta riga ni taɓawa. Ta zo duba mu ne ƙofar ta yi jifa da ita.

Na kalli ƙafafuna, na kalli inda ruwan ke wucewa kusa da yatsuna, na ja baya har na manne da bango. Akwatin wuta na bayan ƙofar katako, ko da sandar mofa ba ka kai shi, ba ka ma ganin sa. Saura ɗakin mita, ƙofar nan ta ƙarshen baranda da na tsuguna a gabanta, ita kuma da kwaɗo a jiki, makulli na wurin Janar. Na yunƙura zan ruga. Hajjaju na ganin na juya baya ta fasa kuka ta nufo bakin gado da hannu a miƙe. Na dawo da sauri. Ashe ba ni da ikon matsawa daga inda take hango ni.

Makcik ta gane. Ta jawo kujerar roba daga ɗakinta ta nuna min in hau. Ta yafa mayafinta, ta dafa bango, ta kama hanyar ɗakin gadi tana jan ƙafa. Na bi ta da kallo, na ga irin tafiyar, na ce innalillahi, kafin ta kai an yi isha'i.

Aka bar ni tsaye a kan kujera, na haɗe hannuwana a baya, don jikina kansa so yake ya kama sandunan nan. Tsakanina da yarinyar falo ɗaya ne, falon da nake tsallakewa ina hamma. Duk iskancin da ake korata daga aji a kansa, ranar na kwaso shi. Na yi mata Janar yana kaɗa kai yana boleh boleh. Na yi mata Ba'indiye mai shayin unguwarmu yana jan shayi daga sama. Na yi kukan akuya, na yi tafiyar Makcik, Allah ya yafe min, matar na can cikin ruwa saboda mu. Na ce mata gadon jirgi ne, ita ce direba, in direba ya sauka jirgi nutsewa yake. Ta daina kuka ta riƙe filo tana tuƙi. Ni kuwa muryata sai karkarwa take, akuyar ma kamar wadda za a yanka.

Wani ya sake kora ruwa a sama. Na ji shi a bango, na ji masai ya amsa, na ga ruwan falon ya motsa ya ƙara hawa ƙafar gadon. Na ɗaga kai na yi ihu su daina, da Hausa, da Turanci, da zagi. Ruwan sama ya haɗiye muryar. Kowa na ɗakinsa a bushe yana biyan buƙatarsa, bai san a kan wa take sauka ba. Gefen zanin gado ya sauko ta kusurwa ɗaya, bakinsa ya taɓa ruwa, duhun jiƙewa ya fara hawa a hankali. Ko wuta na bin jiƙaƙƙen zani? Ban sani ba. Ranar da aka koyar da wannan ina bayan aji ina kwaikwayon malamin. Na dai ce wa direba ta matsa ɗaya gefen, wai can ne sitiyari.

Sai wayata ta hau ringin a kan tebur. Hajjaju ta saki filo. Ta san in waya ta yi kuka da rana Mami ce. Ta rarrafo tana Mami, Mami. Na ce ba Mami ba ce, likita ne mai allura, nemanta yake. Ta tsaya. Wayar ta yanke, ta sake ɗauka, ta sake yankewa. Na san Yaya ce, tana can cikin hazo da jaket ɗina tana son ta ji ko 'yarta ta ci abinci.

Na leƙa ƙarshen baranda, ba Makcik, ba Janar. Da na dawo da idona sai na ga Hajjaju ta yi shiru. Ta riƙe cikinta, ta harɗe ƙafafu. Na san wannan tsayuwar.

“Kawu, tutu.”

Fo ɗin nata na nan, ruwa ya ɗago shi daga bakin banɗaki, yana ta juyi a ƙofar ɗakin, ya matso gadon ya ja baya. Ta gan shi. Ta zo bakin gado ta zauna, ta zuro ƙafafu biyu suna lilo. Tsakanin tafin ƙafarta da ruwan bai kai tsawon hannuna ba.

Na ce, “Yi a nan, Hajjaju. Hau tsakiya ki yi a kan gadon.”

Ta kalle ni kamar na haukace. Ta girgiza kai, ta ce Mami za ta yi faɗa. Na ce Mami ta yarda, yanzu ta aiko, yau sallah ce, ranar sallah a kan gado ake yi. Ba ta ko saurare ni ba. Yarinyar da kullum nake ce mata ga jirgi can in cinye mata biskit, yarinyar da nake miƙa wa hannu a dunƙule ta buɗe ta tarar ba komai, yau ita nake so ta gaskata ni. Ta san Kawunta. Ta fara zamewa a hankali, cikinta na murɗa mata, hawaye na zuba, idonta a kan fo.

Ban san lokacin da na ce bahaya ba. Ba irin tamu ba, irin ta Makcik, da jan nan da take yi a tsakiya. Ta tsaya cak, rabin jikinta a gado rabi a iska. Amma ba ta koma ba. Tsoro biyu ne suka haɗu mata, na ruwa da na Mami, kuma na Mami ya girmi na ruwa.

Na ce, “Saurara, Hajjaju. Wallahi in kin yi a kan gadon, ni zan ce na yi. Ni, Kawu. Zan ce wa Mami ni na hau gadonta na yi tutu.”

Ta ɗago jiƙaƙƙiyar fuskarta. “Kawu tutu?”

“Kawu tutu. Ƙato ma. Mami ta yi wa Kawu faɗa, ta hana shi shayi.”

Ta sake tambaya, na sake rantsewa. Ban taɓa yi mata rantsuwa ba, ina jin abin da ta ji ke nan. Wata 'yar dariya ta kufce mata cikin kukan. Ta ja ƙafa ɗaya sama, ta ja ɗayar, ta rarrafa tsakiyar gado, ta zagaya bayan filo ta juya min baya, ta ce kada in kalla. Na ce ba na kallo, alhali ko ƙiftawa ba na yi. Ta tsuguna a kan zanin gadon Yaya, wanda ba a yarda ko zama in yi a kai ba. Ni kuma ina tsaye a kan kujerar roba ina ta alhamdulillahi, hawaye na bin gemuna.

Tana cikin yi na ji ƙarar kwaɗo a ƙarshen baranda. Firji ya yi shiru. Fanka ta rage gudu, ta rage, ta tsaya. Jan idon nan na ƙarƙashin ruwa ya mutu. Janar ya taho a guje ya ce ya kashe wutar layin gaba ɗaya, ko da wasa bai ce boleh ba. Duk da haka ban yarda ba sai da ya taɓa ƙofar da bayan yatsa a gabana. Na ture shi na faɗa ciki. Ruwan sanyi ƙarara, kamar daga kan dutsen da Yaya take ya gangaro, abubuwa na shafar ƙafata ban tsaya tambayar ko mene ne ba. Na sunkuce ta yadda take, ko wanke ta ban yi ba. Da muka fito Makcik na zaune a kujerar robar tana haki, zaninta ya jiƙe har ƙugu, ta miƙo hannu za ta karɓe ta. Hannuwana suka ƙi buɗewa. Sai da ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Bayan magariba Yaya ta iso. Ta tsaya a bakin ƙofa da jaket ɗina a jikinta, tana haska falon da fitilar waya. Duk jawabin da na shirya ya gudu. Makcik ce ta yi mata bayani, don Yaya na jin Malay, tana yi tana nuna ƙofa, tana nuna tafin hannunta, tana nuna kambas ɗina da ke nan inda na ajiye shi gefe. Yaya ta sulale ta zauna a ƙasan baranda, ta jawo 'yarta ta cusa ta cikin jaket ɗin, ta daɗe a haka. Takardunta ko kallonsu ba ta sake yi ba.

Can da ta miƙe ta sake haskawa, hasken ya sauka a kan gado. Hajjaju ta leƙo da kai daga cikin jaket.

“Kawu ne,” ta ce.

Yaya ta juyo min da kallon nan. Yarinyar ma ta zubo min ido tana jira.

Na ce, “Ni ne, Yaya. Ta matse ni, kuma kin ga halin da banɗaki ke ciki.”

Bakin Yaya ya motsa kamar za ta yi dariya, sai kuka ya riga dariyar fitowa.

Kafet da katifa da rabin littattafanta duk bola suka tafi. Ruwan ya bar zane a bango, layi ɗaya baƙi da ya zagaye gidan, mun goge mun goge yana dawowa da furfura. Ƙofofi suka kumbura suka daina rufuwa. Warin kuwa ko a cikin shayi sai ka ji shi. Ba mu daɗe ba muka koma sama, Yaya ta ce ta gwammace ta sa wa taga raga. A sabon gidan da kaina na kafa ƙusa na rataye ekstenshan a bango, na liƙe jar fitilarta da salatif, don in na gan ta cikin duhu barci ba ya zuwa.

Hajjaju kuwa ba ta bar maganar ba. Kiran farko da aka yi da gida ta ƙwace waya ta gaya wa Umma cewa Kawu ya yi tutu a gadon Mami. Umma ta gaya wa ƙannena, ƙannena suka kai majalisa, majalisa kuma dama suna da hotona a tsugune. Yanzu ta girma tana zuwa makaranta, ruwan ta manta, Makcik ma sama-sama take tuna ta, amma wannan ta riƙe. Har cewa take da idonta ta gan ni. In ta faɗa a cikin mutane sai in sunkuyar da kai in ce haka aka yi.